Kwana Nawa Takardar Koyar da Manoma Ke Ci?

Jama'a, kusan ko wane manomi a ƙasar Zazzau ya taɓa ganin takardun nan da malaman gona ke rabawa. Akwai manya masu hotuna, watau fosta, waɗanda akan manna a ƙofar gidan dagaci ko a shagon mai sayar da taki. Akwai ƙanana masu ninki waɗanda mutum kan sa a aljihu. Akwai kuma darasin da akan karanta a rediyo, da saƙon murya da akan tura ta waya. Duka waɗannan su muke kira kayan koyarwa. Darasinmu na wannan mako shi ne yadda za a ƙiyasta kwanakin da shirya su zai ci, da yawan hannun da za su taɓa aikin, tun kafin a fara.

Wani zai ce, ina ruwan manomi da wannan, ai aikin 'yan ofis ne? To, da ruwansa. Ƙungiyoyin manoma sukan buga tasu takarda da kuɗin da suka tara. 'Yan kasuwa masu sayar da iri da taki da buhuna su ma sukan biya a buga musu. Akawu kuwa shi zai rubuta kuɗin cikin kasafi, shi kuma za a tsare da tambaya in aikin ya makara. Takardar noma tana da ranarta, ba kamar littafin hikaya ba, wanda ko yaushe ya fito za a karanta. Wadda ke koya zuba taki, in ta iso ƙauye bayan masara ta yi goyo, ba ta da wani amfani sai ƙunshin ƙosai. Kuɗin bugu ya tafi ke nan, manomi kuma sai ya jira wata damina.

Mu mutanen Kongo da Tudun Wada bai kamata wannan sana'a ta zama mana baƙuwa ba. A nan Zariya aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, a nan kuma hukumar NORLA ta buga littattafan yaƙi da jahilci daga 1954 zuwa 1959. Makarantar nan ta Kongo, wadda ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, asalinta wurin koyon aikin akawu ne. Can Samaru kuwa ana binciken aikin gona tun 1922, a 1963 kuma aka buɗe sashen da aikinsa shi ne ya ɗauko abin da masu bincike suka gano ya mai da shi maganar da manomi zai gane. Shi ne ya girma ya zama cibiyar da ake kira NAERLS. Watau garin nan ya daɗe yana juya ilmi ya zama takarda. Duk da haka har gobe za ka ji shugaban ƙungiya ya kira malamin gona ran Litinin ya ce, "Malam, 'yar takarda ce shafi guda, ka kawo mana ita ran Alhamis."

Daga ranar buƙata ake ƙidayowa

Abu na farko, kada ka tambayi kanka yaushe zan fara. Tambayi kanka wace rana ce tilas takardar ta kasance a hannun manomi, sa'an nan ka ƙidayo baya. A ƙasarmu ruwa kan fara sauka cikin Afrilu ko Mayu, ya kankama cikin Yuni, ya ɗauke cikin Oktoba. Ba wanda zai roƙi damina ta dakata masa mako biyu don mai bugu bai gama ba.

Ku lura kuma, ranar buƙata ba ita ce ranar aikin gona ba. Tana gaba da ita. Manomi yana yanke shawara ne ran da ya shiga kasuwa da kuɗinsa. Takardar da ke maganar irin masara, in ta same shi ranar shuka, ta makara, gama ya riga ya sayi irin da zai saya. Sai ta riga kuɗin barin aljihunsa da mako uku ko huɗu, don ya sami damar tambayar maƙwabcinsa, ya kuma shawarci wanda ya taɓa gwadawa. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Kwanan aiki daban, kwanan jira daban

Ko wane manomi da ya taɓa ba 'yan ƙwadago jinga ya iya rabin wannan lissafi. Yakan dubi gona, ya ƙidaya kunyoyi, ya dubi kaurin ciyawa, ya ce mutum biyar za su gama yini biyu. Wannan yinin mutum goma ke nan. In ya kira gayya ta mutum ashirin, kafin azahar an tashi. Amma gayya, ko ta mutum ɗari ce, ba ta sa gero ya nuna kwana guda kafin lokacinsa.

Haka shirya takarda yake. Akwai kwanakin da mutum ke zaune yana aiki, waɗannan ana iya rage su da ƙarin hannu. Akwai kuma kwanakin da takardar ke kwance a teburin wani tana jiran sa hannu, ko tana layi a maɗaba'a, ko ana jiran kuɗi ya fito. Waɗannan ƙarin hannu ba ya taɓa su. Yawancin ƙiyasin da ke rushewa, a nan yake rushewa. Mutum ya ƙidaya kwanan aiki kawai, ya ce kwana goma, ya manta da cewa tsakanin ko wane aiki da na gaba da shi akwai zaman jira. Saboda haka in za ka yi ƙiyasi, ja layi biyu a takardarka, ɗaya na aiki, ɗaya na jira, kada ka gauraya su.

Bari mu ɗauki misali

Mu ɗauka wata ƙungiyar manoma da 'yan kasuwar hatsi suna so a buga musu fosta guda da ƙaramar takarda mai ninki, da boko da ajami, a kan adana wake cikin buhun nan mai ruɓi uku. Ga wanda bai san shi ba, buhu ne da ke da leda biyu masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje. Masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da dabarar tare da masanan Afirka, aka fara yaɗa ta sosai a 2007 da sunan PICS, a Nijeriya da Nijar da wasu ƙasashe maƙwabta. In an shanya wake ya bushe, aka zuba, aka matse iska, aka ɗaure ko wace leda daban, ƙwarin da ke ciki sukan shanye iskar da ta rage, su daina ci, su mutu, ba tare da an sa ko ɗigon magani ba. Maganar ba ƙarama ba ce ga ɗan kasuwa. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu cikinsa, waken da ya rage a gida kuwa mu da 'ya'yanmu muke cin sa.

Wake kan fara shigowa cikin Oktoba. To, mu sa ranar buƙata 1 ga Oktoba. Ga ayyukan. Lambobin nan na misali ne, kowa zai sa nasa gwargwadon halin wurinsa, amma ba zai iya tsallake ko ɗaya daga ayyukan ba.

Zagaya ƙauyuka uku da kasuwa guda a ji yadda mutane ke adana wakensu yanzu, da abin da ke damunsu: aiki kwana 4.
Tattaro ingantaccen bayani, a kai wa masani ya duba: aiki kwana 2, jira kwana 7.
Rubutu: aiki kwana 2.
Zane da ɗaukar hoto: aiki kwana 5.
Juyawa zuwa ajami: aiki kwana 2.
Gwaji a gaban manoma, gyara, sake gwaji: aiki kwana 7.
Neman sa hannun magabata: aiki kwana 1, jira kwana 14.
Fitar kuɗi: jira kwana 14.
Maɗaba'a, da duba samfur kafin a buga duka: aiki kwana 1, jira kwana 10.
Koya wa waɗanda za su riƙe takardar su yi bayani: aiki kwana 2.
Rabawa: aiki kwana 4.

Ku tara. Kwanan aiki 30, kwanan jira 45. Rubutun da kowa ke tsammani shi ne aikin, kwana 2 ne cikin 30, watau kashi ɗaya cikin goma sha biyar. Shugaban da ya ce a kawo masa takarda ran Alhamis, kwana biyun nan kaɗai ya gani.

Ba a gama ba tukuna. Cikin kwana 30 ɗin, 7 na mai zane ne da mai ajami, su kuma suna da sauran masu jiransu, sai mu ba su mako 2. Sauran 23 na malamin gona ne. Amma malamin gona da damina ba ya da mako cikakke. Yana da gonakin gwaji da zai zagaya, da taron manoma, da rahoton wata, ga tasa gonar. In ya sami yini biyu a mako na wannan aiki ya gode Allah. Kwana 23, biyu-biyu a mako, ya kusa mako 12. Kwanan jira 45 ya haura mako 6. In ka haɗa duka, mako 20 ne da 'yan kwanaki. Ƙidayo mako 20 baya daga 1 ga Oktoba, za ka faɗa tsakiyar Mayu. In ka ƙara rubu'i a kai saboda abin da ba a zata ba, kamar rashin lafiya, ko rasuwa, ko babur ya lalace, ko hanya ta yanke, ya zama mako 25, ka faɗa farkon Afrilu. Takardar waken da za a girbe da kaka, da bazara ake fara ta, tun ba a shuka waken ba.

Wanda ya dubi lissafin da kyau zai ga inda za a rage. Akawu yana iya fara neman kuɗin tun ana zane, ba sai an sa hannu ba, mako biyu ya ragu. In kuma aka fara aikin da rani, sa'ad da malamin gona ke iya ba da yini huɗu a mako, mako 12 ya koma 6. Ni a ganina wannan ita ce babbar dabara, ta fi ko wane irin sauri da za a yi daga baya. Ana ba da labarin Malam Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce cikin wata shida a 1936 a nan Zariya, gaskiya ne kuwa, amma a tuna an ɗauko shi ne daga aikin koyarwa a Katsina aka ba shi wannan aiki shi kaɗai. Duk da haka littafin bai fara fitowa ba sai 1937. In ƙungiya tana son aikinta da wuri, sai ta sauke wa mai yinsa wani kayan.

Gwaji, inda kowa ke son ya yanke

Da an ga lokaci ya ƙure, abin da akan fara jefarwa shi ne kwana bakwai ɗin gwaji. Akan ce ai Hausa ce, kowa zai gane. Ina roƙonku kada ku yarda. Gara a rage launi, gara a rage yawan kofe, da a tsallake gwaji.

Ga yadda ake yinsa. Ka ɗauki zanen tun yana fensir, ka je ƙauyen da ba a san da aikin ba. Ka nuna wa mutum goma, ɗaya bayan ɗaya, ba a taro ba, gama a taro abin da babba ya faɗa shi kowa zai maimaita. Kada ka yi bayani. Ka ce kawai, "Baba, me ka gani a nan?" Sa'an nan ka yi shiru, ka rubuta abin da ya ce. Shirun nan shi ne mai wuya, bakin malami ƙaiƙayi yake yi.

Abubuwan da gwaji kan tono suna da ban mamaki. Mai zane yakan girmama ƙwaron wake don a ga ƙafafunsa, sai manomi ya duba ya ce, alhamdu lillahi, mu ba mu da irin wannan ƙato a rumbunmu. Sai an zana ƙwaron a kan ƙwayar wake, ko kusa da yatsa, sa'an nan a gane girmansa. Akan jera hotuna daga hagu zuwa dama, mai karatun ajami kuwa daga dama yake farawa, sai ya ga an kwance buhu kafin a ɗaure. Dole a sa lambobi manya, ko a jera hotunan daga sama zuwa ƙasa. Akan rubuta kilo da hekta da santimita, alhali mutumin da mudu da tiya da buhu da taki yake awo. Mai da awon masu bincike zuwa awon kasuwa aiki ne na sikeli, sai ka je ka auna da hannunka, gama mudun wannan kasuwa ba lalle ya zama ɗaya da na waccan ba. Akan kuma rubuta "a ɗaure buhu sosai", mutum ya haɗa bakin leda biyu da na buhu ya ɗaure gaba ɗaya, iska ta sami hanya, wake ya lalace, a ce buhun ƙarya ne. Kalma guda da ba a gwada ba tana iya kashe dabara mai kyau a gunduma guda.

Wani abu kuma da masu ƙiyasi kan manta. A gidaje da yawa mata ke ajiye wake, su ke ƙosai da alale da ɗanwake na sayarwa. Namiji baƙo ba zai shiga gida ya nuna musu zane ba. Sai an nemi malama mace, an nemi izinin masu gida, an sa ranar da ba ta faɗa kan biki ko suna ba. Wannan kaɗai yakan ci mako. Wanda bai sa shi cikin lissafi ba, ko dai ya makara, ko ya buga takardar da rabin masu buƙatarta ba su taɓa gani ba.

Bayan gyara sai a sake gwadawa, a wani ƙauye dabam. Mutanen farko sun riga sun ji bayani, ba za su ƙara ruɗewa ba.

Hoton da ba ya samuwa sai shekara ta zagayo

Gani ya kori ji. Hoton da ya fi ko wane rinjayar manomi shi ne na buhu biyu gefe da gefe, an zuba musu wake iri ɗaya rana ɗaya, ɗaya ya fito garau, ɗaya ya zama gari da ƙwari. Masu yaɗa buhun PICS da kansu haka suka riƙa yi a ƙauyuka, a ɗaure buhu a gaban jama'a, a dawo bayan watanni a buɗe a gabansu. To, wannan hoto ba ya samuwa cikin kwana biyar ɗin mai zane. Sai an zuba waken cikin Nuwamba, an jira wata huɗu ko fiye, an buɗe da bazara. Watau fostar Oktoban bana, tun kakar bara aka fara ta, ko an sani ko ba a sani ba.

Haka duk takardar da ke nuna cuta ko ƙwaro a gona. Kuturun gyaɗa, wanda ya cinye kimanin hekta 700,000 a Arewa a 1975, maganinsa na farko shi ne shuka da wuri, da shuka a matse, da irin da ke jure cutar. Duka ukun kafin ruwa ya kankama ake faɗa wa manomi. Amma hoton gyaɗar da ta kamu sai tsakiyar damina ake samunsa. Saboda haka malamin gona mai hankali ba ya fita gona ba tare da ɗaukar hoto ba, yanzu da ko wace waya ke ɗauka. Ya rubuta rana da wuri da abin da hoton ke nunawa, ya ajiye. Hoton da ba a rubuta masa komai ba, bayan wata shida ko mai ɗaukarsa ba ya tuna ko ƙarancin taki ne ko cuta.

Abin da aka gani a wasu ƙasashe

Kada a zaci mu kaɗai ke fama da wannan. A 2010 wani Ba'amurke mai suna Bryan Chapman ya tambayi ma'aikatu da kamfanoni masu shirya darussa ga ma'aikatansu, ya sami cewa darasin awa guda a aji yakan ci awa 43 na shiri. In darasin na kwamfuta ne mai sauƙi, awa 79. In kuwa mai ɗan motsi ne da tambaya da amsa, awa 184. Ba na ce mu ɗauki lambobin nan mu ɗora a kan aikinmu kai tsaye ba, gama mutanen nan suna da wuta dare da rana, ba sa kuma hawa babur mil ashirin don su gwada zane. Amma suna nuna mana girman abin. Duk wanda ya ce zai shirya horon yini guda cikin yini guda, bai ƙidaya daidai ba.

Akwai kuma labarin Daniel Kahneman, masanin da ya sami kyautar Nobel a 2002. Shi da abokan aikinsa a Isra'ila sun taɓa zama don rubuta littafin makarantar sakandare. Ya ce kowa ya rubuta a ɓoye shekarun da yake zaton aikin zai ci. Amsoshin duka suka tsaya wajen shekara biyu. Sai ya tambayi masanin manhaja da ke cikinsu, waɗansu ƙungiyoyi irin tamu da ka sani, shekara nawa suka ci? Mutumin ya yi tunani ya ce bai san wadda ta gama ƙasa da shekara bakwai ba, wajen huɗu cikin goma kuwa ba su gama ba sam. Shi ma da kansa biyu ya rubuta da farko! Littafin ya ci shekara takwas, ran da aka gama kuwa ma'aikatar ilmi ta daina sha'awarsa, ba a taɓa koyar da shi ba.

Darasin da Kahneman ya fitar shi ne wanda tsofaffin manoma suka sani. In kana son sanin dami nawa gona za ta ba ka, tambayi dami nawa ta ba da bara da bara waccan, kada ka tsaya kan kyan ganyenta na yau. Saboda haka ko wace ƙungiya ta sayi littafin rubutu guda, duk aikin da aka yi a rubuta ranar farawa, da ranar gamawa, da inda aka tsaya jira da kwana nawa. Bayan aiki uku kuna da ma'auninku na kanku, wanda ya fi na Amurka amfani a gare ku.

Kafin ku tara wannan, ga wata dabara ta lissafi da sojojin ruwan Amurka suka fito da ita wajen 1958, akawu zai ji daɗinta. Ko wane aiki a ba shi ƙiyasi uku: in komai ya tafi daidai, yadda aka saba, da in abu ya ɓaci. A ninka na tsakiya sau huɗu, a haɗa da sauran biyun, a raba shida. Misali zane: in an yi sa'a kwana 3, yadda aka saba 5, in mai zane ya yi tafiya 13. Uku da ashirin da goma sha uku, 36. Raba shida, kwana 6. Amfaninta ba a lambar kaɗai yake ba. Tana tilasta wa mutum ya faɗi da bakinsa abin da zai iya ɓaci, abin da ba ya son faɗa a gaban shugaba.

In annoba ta faɗo

Akwai lokacin da ba a da mako ashirin. A 2016 tsutsar nan mai cin zuciyar masara ta fara bayyana a Nijeriya, a shekarar kuma ƙwaron tumatir da manoma suka sa wa suna sharon ya yi ɓarnar da ta sa gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. A irin wannan hali ba fosta ake fara nema ba. Saƙon murya na minti biyu, ko sanarwar rediyo, ana iya shirya su cikin kwana uku ko huɗu, gama babu zane, babu maɗaba'a, babu rabawa da babur. Amma abu biyu ba a jefar da su ko ana gudu: masani ya saurara ya tabbatar, sa'an nan manoma biyar su saurara su maimaita maka abin da suka ji. Saƙon waya ya fi takarda gudu, in kuwa da kuskure cikinsa, musamman sunan magani ko awonsa, ba ka iya bin sa gida gida ka karɓo.

Ga akawu da ɗan kasuwa

Malam akawu, in an kawo maka ƙiyasin da babu kuɗin mai da na abincin masu gwaji a ciki, mayar da shi, gama alama ce ba a yi niyyar gwaji ba. Ka dubi kalanda biyu, ta bature da ta Musulunci. Azumi da salla suna matsowa da kimanin kwana 11 ko wace shekara, lissafin bara ba zai yi maka bana ba. Ka kuma tambaya ko shekarar zaɓe ce. In 'yan siyasa suka sauko da fostocinsu, maɗaba'u kan cika, takarda ta yi tsada, aikin manoma ya koma ƙarshen layi. Ƙarshen shekara ma haka, saboda masu buga kalanda. Ka sa mai bugu ya rubuta ranar da zai ba da samfur da ranar da zai ba da kaya, kada ka biya duka kafin a duba samfur. A samfur ɗin a dubi ƙugiyoyin ƙ da ɗ da ɓ harafi harafi, gama na'ura takan zubar da su, "kaɗan" ta koma "kadan", "ɗaure" ta koma "daure".

Alhaji mai shago, kai kuma in kai ke biya, ka tambayi abu uku kafin ka ba da kuɗi: wace rana takardar za ta kasance a shagona, wane masani ya duba ta, a wane ƙauye aka gwada ta. Ka kuma tabbata kayan da takardar ke magana a kai za su iso tare da ita. In fosta ta sa mutane suka zo neman buhu mai ruɓi uku, kai kuwa naka yana Kano bai taso ba, wanda ya juya sau biyu ba zai dawo na uku ba, zai sayi maganin ƙwari a shagon gaba.

Rabawa kuma ba a ofis ake ƙiyasta ta ba, da ranakun kasuwa ake yi. Giwa, Makarfi, Soba, Anchau, kowace da ranar cinta. Kwana huɗun da muka sa wa rabawa ba za su jeru a jere ba, in ka kuskure ranar wata kasuwa sai ta sake zagayowa. A rubuta sunan ko wace kasuwa da ranarta, da sunan wanda zai kai kayan, da yawan kofen da zai ɗauka, tun ran da aka kai aiki maɗaba'a. Fostar da za a manna a waje kafin ruwa ya ɗauke, a nema mata inuwar zaure ko rumfa, in ba haka ba ruwan ƙarshen Satumba zai sauke ta cikin dare guda.

Ƙungiyar da ke son fostar wake ta baɗi, ta ware buhu biyu daga waken farko da zai shigo bana, ɗaya mai ruɓi uku, ɗaya na yau da kullum. A zuba su rana ɗaya a gaban shaidu, a rubuta kwanan wata a jikinsu da fenti, a ɗora su kan katako a sito nesa da bango saboda ɓera, a ɗauki hoton farko a ranar.